Ɗaurin Gwiwar Sallau

Ku da kuke zama a kan benci kuna dariya duk lokacin da na ruga cikin fili da bokiti, ruwa na fallatsa mini a wando, na san abin da kuke faɗa. Cewa kuke yi aikin Baba Illa kowa ma ya iya: ka matse wa mutum soso a wuya, ka ce masa tashi, shi ke nan ka ci tuwonka. To, tunda biyu daga cikinku sun ce suna son jakar nan ranar da gwiwoyina suka ƙi, ku gyara zama ku ji. Ni ba zan miƙa jakata ga wanda bai san ana iya cutar da mutum da ita ba.

Suwanyar ake ce mana, wato mai jinyar ƴan wasa. Na koya a hannun Majo Tankari, wanda ya yi aikin jinya a soja, da ya ajiye kaki ya dawo Madawa ya kama ƙungiyar ƙwallon garinmu. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa jikin ɗan wasa ba. Aikina wankin bandeji, shanya shi, da naɗe shi yadda zai warware da hannu ɗaya. In na naɗe a karkace sai ya watsa shi a ƙasa ya ce in sake wanki. Bayan nan ya miƙo mini tasa ƙafar, busasshiya da ita, ya ce in ɗaure idon sawu. In na matse da yawa yatsunsa su yi sanyi, in na sassauta ya girgiza ƙafa ɗaurin ya zube, ko ta yaya dai sai na sha zagi da Faransancin bariki. Na fi wata uku ina ɗaure ƙafar tsohon nan kafin ya ce, "To, yanzu dai ba ka kashe kowa."

Jakar da ya bar mini ita ce wannan. Akwai almakashi mai lanƙwasasshen baki don kada ka yanki fata, da filasta, da auduga, da alkol, da jan magani, da man kaɗe da muke narkawa da kafur don tausa. Ƙanƙara kuwa a wancan zamani sai ka yi sammako gidan mai firji, ka naɗe ta a buhu cikin garin katako, ka yi ta addu'a ta kai hutun rabin lokaci a zafin garin Buza. Amma Majo bai ɗauki waɗannan a bakin komai ba. Yakan kama yatsuna ya ce, "Da waɗanga za ka ji. Ɗan wasa shina ce maka lahiya lau don kar a hidda shi, wani kuwa shi ce mutuwa za shi don ba shi son gudu. Kai dai taɓa, ka yi kurum, ka saurara."

Ya kuma koya mini wani abu da ba ya cikin littafin kowa. Mu masu sana'ar muna kiransa ɗaurin rufin asiri. Ɗan wasa ne zai zo, jikinsa garau, amma ranar ba zai iya wasa ba. Wataƙila sun yi faɗa da mahaifinsa, ko an ajiye shi a benci yana jin kunyar ƴan unguwarsu. Sai ka ɗaura masa bandeji a lafiyayyar ƙafa, ya ɗan ɗingisa, kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, magana ta mutu. Majo ya ce wasa ɗaya ake yi wa mutum wannan, ɗaya tak. Na tambaye shi dalili, ya ce zan gani. Har ya rasu ban gani ba, sai a kan Sallau.

Sallau shi ne mai tsaron gidanmu, ɗan manoma daga Bangi, dogo, tafin hannunsa kamar faifai. Ni nake ɗaure masa yatsu da filasta kafin kowane wasa, biyu-biyu, saboda haka na san hannun nan ciki da waje. Hannu ne mai ɗumi, a sake, yana miƙo mini shi yana tsokanar mutane da ɗayan. Ba ya tsoron komai. Ƙwallo na sama zai fito ya ratsa mutum biyar ya cafke, ya sauko yana dariya. A shekarar da nake ba ku labari, wata babbar ƙungiya ta Yamai ta aiko cewa za ta turo mutum ya kalle shi a wasan ƙarshe a Tawa. Ku gane, wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. Albashi ne, da ɗaki, da aikin yi bayan ƙafa ta gaji. Duk Bangi ta san zancen.

Wasan da muka yi a garin Keita ne ya jawo abin. Filinsu jar tsakuwa ce mai tauri. Aka bugo ƙwallo sama, Sallau ya fito yadda ya saba, mai lamba tara nasu shi ma ya taso, suka haɗu. Ƙarar da ƙashin nan ya yi, har mata masu sayar da gyaɗa a bakin fili sun ji. Ni na fara isa. Ƙaurin mai lamba tara ya karye, ƙashi ya huda safa. Na yanke safar, na danne jinin, muka tallafe ƙafar da sandunan tutar kusurwa, aka sa shi a motar masu aikin gyaran ƙasa aka tafi da shi. Ba laifin kowa ba ne, alƙalin wasa ma bai ce an yi laifi ba. Da na juyo na ga Sallau tsaye yana kallon jinin da ke kan tsakuwa, sai na matse masa soso a ƙeya na ce ya koma raga. Ya koma, ni kuma ina ganin na yi aikina.

Mako biyu bayan haka, muna shirin wasa da Sabon Gida, ya miƙo mini hannu na ji ba hannun da na sani ba ne. Sanyi ƙalau, jiƙe da gumi har filasta ta ƙi kamawa, yatsun suna rawa. Na dafa wuyan hannun na ji jijiya na bugu irin na wanda ya zagaye fili sau goma, alhali ko takalmi bai ɗaure ba. Na ce zazzaɓi ne? Ya ce a'a. A wasan ya manne a kan layi, ƙwallo na sama ya ƙi fita, aka ci mu biyu da ka. Mushe Abdu, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke horar da mu, ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe.

Ranar wasan Buza, Sallau ya ja ni bayan motar da ta kawo mu, inda ba kowa.

"Baba Illa, ba ni iya shiga."

"Mi ka maka ciwo?"

"Ba komi. In na ga ƙwallo bisa, sai in ji ƙarar ƙashin nan. Gabana shi yi ta hwaɗuwa, numhwashi shi ƙi, in ga kamar nan take zan mutu. Na kai kwana goma ban yi barcin kirki ba."

"Mu gaya ma Mushe."

Ya damƙe mini riga. "Don girman Allah, Baba. In anka ji, cewa za a yi na taɓu. Ƴan Yamai ba su ɗaukar taɓaɓɓe. Ƙanne mata ukku gare ni gida. Wa za shi nemi aure gidan da anka ce akwai hauka?"

Gaskiya ya faɗa. Na san filin ƙwallo. Wanda ya karye gwarzo ne, ana zuwa gaishe shi da goro da lemo. Wanda kansa ya dame shi kuwa, ƴan kallo su raɗa masa suna, sunan ya bi shi har ya bi ƴaƴansa. Na buɗe jaka na ɗaure masa gwiwar hagu, ɗauri mai kyau irin na Majo, na ce wa Mushe Abdu ya gurɗe wajen ɗumama jiki. Har daɗin dabarata na ji.

Wasa ɗaya, in ji Majo. Ni na yi bakwai. Kowane mako sai in ce bari ya huta wannan ma, mako mai zuwa zai warware. Shekarar kuwa ita ce wadda aka karya darajar sefa, kayan kanti suka yi tashin gwauron zabo, bandeji ya zama abin nema. Tsofaffin zannuwan matata nake yayyagawa in tafasa in ɗaure wa masu ciwon gaske, sabon bandeji guda da ya rage mini yana naɗe a ƙafar da ba abin da ya same ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini na kauce hanya, amma ban tsaya na duba ba.

Abin da ban hango ba shi ne, irin wannan ƙarya ba a fili kaɗai ake yin ta ba. Dole Sallau ya ɗingisa a kasuwa, ya ɗingisa zuwa masallaci, ya yi sallah a zaune. Ya gaji da amsa "ya jiki?" sai ya daina fita. Ya koma Bangi daidai lokacin girbi, mahaifinsa da ƴan gidan suna gona suna yankan gero, shi yana kwance a ɗaki shi kaɗai da ƙarar nan a kunnensa. Da na je sake ɗauri a mako na biyar, na auna cinyar da zare yadda muke yi, na tarar ta ragu da faɗin yatsa biyu. Ƙafar da na samu lafiya lau, ni da hannuna na fara lalata ta. Shi kansa ya zube, idanu sun faɗa, ba ya haɗa ido da kowa. Na sake ɗaurin, na dawo Madawa. Ƴan Yamai kuma suka ji an ce gwiwa ce, ba wanda ke son mai tsaron gida mai ciwon gwiwa, suka ɗauki wani a wani gari. Abin da muke ɓoye-ɓoye don kada ya kuɓuce masa, ɗaurina ne ya raba shi da shi. Duk da haka na ci gaba da ɗauri, don ban san yadda zan kwance ba.

Ranar wata kasuwar Bangi, da hantsi, wani direba da ke jigila can ya tare ni a tasha. Ya ce, "Illa, ka ji za a yi ma gardiyanku, Sallau, sakiya yau? Tsohon ya gaji, yac ce ɗaurinku na Nasara bai yi ba. Ya kira wanzami, bayan azahar za a huda gwiwar a hidda ruwa."

Sakiya, in ba ku sani ba, ƙarfe ake sawa a wuta sai ya yi ja, a soka a inda ya kumbura. A kan ƙurji tana da ranarta. A cikin lafiyayyar gwiwa kuwa, in ƙarfen ya shiga gaɓa wurin ya ruɓe, ba ƙwallo ba, noma ma ya gama. Na ari mobilet, ƙaramin babur ɗin Mushe Abdu, ban gaya masa dalili ba. Hanyar yashi ce, sau biyu ina faɗuwa, ina tashi ina duban inda rana ta kai. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba.

Na tarar da su a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Sallau na zaune a tabarma, an warware bandejina an ajiye gefe, maƙwabta biyu sun riƙe masa kafaɗu. Ƙarfe na cikin garwashi. Wanzamin na ta latsa gwiwar yana ɓata fuska, don shi ma mai sana'a ne, bai ji ruwa ba, amma an kira shi, kuma mai ciwo ya nuna wurin da yatsansa. Wannan ne abin da har yau ban manta ba. Sallau da kansa ya nuna wurin, ya cusa gefen rigarsa a baki ya cije, yana jira. Ya gwammace a soka masa jan ƙarfe da ya buɗe baki ya ce tsoro ke damunsa.

Na yi sallama ban jira amsa ba, na ce wa mahaifin Sallau, "Malam Idi, a dakata."

Ya ce, "Illa, wata biyu kana ɗauri yaro na ta lalacewa. Bari mu gwada namu."

"Gwiwar ga lahiyarta lau. Ban taɓa jin komi cikinta ba. Ƙarya na yi, kuma ni na ɗaure ta."

Wanzamin ya janye ƙarfensa daga wuta ya tsoma a ƙasa, ya ce, "Ni ma hannuna bai yarda ba." Na roƙi a sallami maƙwabtan, suka fita suna waiwaye, sun dai ji abin da suka ji. Sannan na faɗa wa Malam Idi komai, tun daga tsakuwar Keita.

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Gidan ga ba mu da wanga abu. Iska ce, ko kuwa jihwa anka yi mashi don an ji za shi Yamai."

Na ce, "Ko mi ne ne, a ci gaba da addu'a. Amma ka bar ni in kai shi asibitin mishan."

"In kai ɗana a rubuta ga takarda mahaukaci na? Da ƙannenai mata ukku?"

A nan Sallau ya zare rigar daga bakinsa. Ya ce, "Baba, na gaji. Rannan kuna gona, na tahi bakin rijiya na tsaya, na daɗe ina duban ciki."

Tsohon ya dubi ɗansa, ya dubi garwashin. Can ya ce, "Ku tahi. Gobe da sahe ku tahi."

Asibitin mishan tafiya ce mai nisa a mobilet, mutum biyu. Wanda ya karɓe mu wani ma'aikacin jinya ne Kirista, Malam Yohanna, ɗan nan ƙasar, mai son ƙwallo, ya ma san Sallau da gani. Sallau ya roƙe ni in mayar masa da bandejin don hanya, na mayar. Malam Yohanna ya warware shi a hankali, ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙe ta, ya juya ta, sannan ya dube ni.

"Wa yay yi ɗaurin ga?"

"Ni."

"Ɗauri ya yi kyau." Ya juya wajen Sallau ya ja kujera kusa. "To, ƙanena, ina ciwon yake?"

Sallau ya faɗa, kansa a ƙasa. Ina jiran in ga mutumin ya zaro ido ko ya ja baya, amma ko gezau. Ya ce wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu: direbobi na zuwa da shi bayan haɗari, da sojoji, da matan da ɗa ya mutu a hannunsu. Ciwo ne, yana da magani, kuma ba hauka ba ne. Likita ya gan shi ya ba shi ƴan ƙwayoyi, aka ce ya riƙa dawowa duk mako biyu su zauna da Malam Yohanna su yi magana. Malam Yohanna ya ce masa, "Rubutun da baba ka ba ka, ka sha. Mu ma muna sa ka addu'a. Amma ƙwayar ma ka sha, kuma ka komo." Da muka fito ya riƙe ni a baya ya ce, "Malam Illa, ka ruhe shi ɗaki guda da ciwon har wata biyu. Allah ya kiyaye, amma kar ka ƙara." Na girme shi da kusan shekara goma, na kuwa tsaya na karɓi faɗan.

Warkewar ba ta zo a miƙe ba. Wani mako ya yi barci, wani mako ya koma gidan jiya. Cinyar da na ramar na gina ta da buhun yashi, ina ɗaura masa a idon sawu yana ɗagawa. Sai na fara jefa masa ƙwallo sama, shi kaɗai a fili. Bayan nan na tsaya kusa da shi ba na motsi. Bayan nan na riƙa tsalle tare da shi, da tsufana, ina bangazarsa. Malam Yohanna ya ce mu je Keita ya ga mai lamba tara, muka je. Muka same shi yana dogara sanda, yana kula da masu jera duwatsu a gangaren tudu. Ya rungume Sallau ya ce, "Da ni na cikin raga, ni ma hita zan yi." Ranar ce na fara jin hannun nan ya ɗan yi ɗumi.

Kada ku ɗauka mutane sun yi mana sauƙi. Maƙwabtan nan biyu sun kai zance kasuwa, daga kasuwa ya hau mota ya zo Madawa. Wanda ke neman ƙanwarsa ta tsakiya ya janye. Da Sallau ya dawo horo, kyaftin ɗinmu Garba, mai tsaron baya, ƙato ne da ake wa laƙabi da Kamiyo, wato babbar mota, ya tsaya a gaban kowa ya ce shi ba zai juya wa taɓaɓɓe baya ya yi wasa ba. Mushe Abdu ya ce wanda ba zai yi ba ya ajiye riga, Kamiyo ya yi wasa yana ƙunƙuni. A Buza ƴan kallo suka tsaya bayan raga suna kiran sunan nan tun daga farko har ƙarshe. Ƙwallon farko da aka bugo sama ya ɗan yi jinkiri, sannan ya fito ya cafke. Ƴan Yamai ba su sake aikowa ba. Ya tsare mana gida shekara shida, ya koma gonarsa da ƙafafunsa biyu, kuma ƙannensa duka sun yi aure.

Shi ya sa nake gaya muku, ku biyun da ke son jakar nan: ɗauri za ku iya cikin wata uku, ko da kuna da kan jaki irin nawa. Abin da ke da wuya shi ne ka ji hannun mutum na rawa, ka tambaye shi, ka iya tsayawa ka ji amsar, sannan ka ɗauke shi ka kai shi inda aka fi ka sani. Tun daga Bangi ban sake yin ɗaurin rufin asiri ba, ko na wasa ɗayan ma.

An dai nemi in sake, sau ɗaya. Kimanin shekara guda bayan dawowar Sallau, da la'asar bayan horo, ina zaune a gindin dogon yaro ina naɗe bandeji, sai ga Kamiyo. A damina ɗansa na fari ya rasu, tun daga nan ya daina surutu. Ya jira kowa ya watse, ya zauna a ƙasa a gabana, ya miƙo ƙafar dama.

"Baba Illa, ɗaure min. Na gurɗe."

Na ɗauko bandeji, na kama idon sawun, na latsa, na juya. Babu zafi, babu kumburi. Ƙafar dai sanyi ƙalau, tana rawa a hannuna.

Na ce, "Garba, na bar ɗaure lahiyayyar ƙahwa."

Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wurin ga da kak kai Sallau. In za ka, akwai wuri bisa mobilet?"

Na ce akwai. Na mayar da bandejin cikin jaka ban warware shi ba.